Daga Dawanau Zuwa Abzin: Hanyar Gero da Gishiri

A shataletalen Dawanau hanya ke rabuwa biyu. Ta hagu ta miƙe Bichi, ta wuce Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Ta dama ta bi Dambatta da Kazaure da Daura, ta ƙetare iyaka a Kongolam zuwa Damagaram. Matafiyin da bai gaji ba, kowacce ya ɗauka a cikinsu, wuri ɗaya za ta kai shi: Agadas, a gindin duwatsun Abzin. Ta Damagaram tafiyar kimanin kilomita 700 ce.

Mu mutanen wannan yanki ba mu ɗauki kanmu mutanen dutse ba. Ƙasarmu a shimfiɗe take kamar tabarma, gona ta haɗe da gona, ƙauye na hangen ƙauye, babu abin da ke tare ido sai kuka da ɗorawa da gawo. In ana zancen dogayen duwatsu da tafkuna da tsofaffin birane, hankalinmu kan tafi hotunan ƙasashen Turai da muke gani a waya. Alhali kuwa shekaru ɗaruruwa ke nan geron da ake nomawa a nan yana hawa duwatsu, gishirin da ake zuba wa miya da wanda ake bai wa shanu yana saukowa ta cikinsu. Wannan hanya muke so mu bi zango-zango, mu ga yadda gonar Kano da dutsen Abzin suka zama bakuna biyu na igiya ɗaya, mu kuma ga abin da ke faruwa duk lokacin da aka datse igiyar.

Daga gindin Dala

Kafin mu fuskanci arewa sai mun waiwayi birni. Dala ba wani dogon dutse ba ne, yara ma hawansa suke yi da gudu, amma a gindinsa Kano ta tsiro. Masu haƙar kayan tarihi sun samu alamun narka tama a wurin tun wajen ƙarni na 7 Miladiyya. Tama ta ba da fartanya, fartanya ta ba da rarar hatsi, rarar hatsi ta jawo baƙo. Tarihin sarakunan Kano ya ce Gijimasu (1095–1134) ne ya soma ganuwa, kuma ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar har gobe sunan garinmu take amsawa, wato Ƙofar Dawanau.

Shi dai wannan tarihi ya adana mana cewa a zamanin Sarki Yakubu (1452–1463) ne Abzinawa suka zo Gobir, gishiri ya wadata a ƙasar Hausa. Wanda bai karanta littafin ba ma zai iya karanta labarin a sunayen unguwanni. Akwai Agadasawa a cikin birni. Fagge, a bayan ganuwa, asalinta masaukin ayarin raƙuma ce. Dandalin Turawa kuwa tun kafin zuwan Ingilishi take da sunanta, domin a da Larabawan Gadamas da Tarabulus ake kira Turawa.

Duwatsun Kazaure da rijiyar Daura

In muka bi hannun dama, ruwa na farko mai faɗi da za mu tarar yana wajen Dambatta, madatsar Tomas. Ya kamata mu lura da wani abu tun daga nan: manyan tafkunan ƙasar Kano kusan duk aikin hannu ne. Bagauda da Tiga da Watari da Tomas duk 'ya'yan shirin madatsun ruwa ne da aka faro zamanin Gwamna Audu Bako (1967–1975). Kakanninmu rijiya da kududdufi da fadama suka sani.

Gaba kaɗan ƙasa za ta fara tuddai, jerin duwatsun Kazaure su bayyana. A nan muke ganin amfanin dutse na biyu bayan tama, wato mafaka. Ɗan Tunku, wanda ya taimaki masu jihadi, ya ƙi yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo mubaya'a a 1819. Da aka matsa masa sai ya shige cikin waɗannan duwatsu, inda dawakin Kano ba su iya sakewa. Daga wannan turjiya masarautar Kazaure ta samo asali.

A Daura kuma ruwa ne kan gaba. Kowane ɗan firamare ya san rijiyar Kusugu da macijin da ke hana ɗiba sai ranar Juma'a, da baƙon da ya kashe shi ya auri Daurama. Ko mun ɗauki labarin Bayajidda a matsayin tarihi ko a matsayin hikaya, abin da yake nunawa a fili yake: a wannan ƙasa, wanda ya buɗe wa jama'a bakin rijiya shi ke samun sarauta. Daga nan zuwa Agadas, duk garin da za mu ratsa, ruwa ne ya yanke inda zai zauna.

Damagaram, birni a tsakiyar duwatsu

Bayan Kongolam da Matamai gonaki za su soma faɗi, itatuwa su soma nisa da juna. Ruwan saman da ke sauka a Damagaram kusan rabin na Kano ne. Tsohon birnin a tsakiyar manyan duwatsu mulmulallu yake, wasu a kan wasu kamar an ɗora su da hannu, gidaje na jingine da su.

Damagaram ta fara ne a matsayin ƙaramar masarauta mai biyan gandu ga Barno. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya mayar da ita ƙasaitacciya. Ya kewaye birnin da ganuwa, ya sa aka ƙera masa manyan bindigogi a gida, ya kuma jawo fatauci daga Tarabulus. Garin ya kasu biyu kamar yadda Kano ta kasu: Birni, inda fada take, da Zango, inda ayarin Abzinawa da fataken Hausa ke sauka. Zango ita ce Faggen Damagaram.

Maƙwabtakar ba kullum take da daɗi ba. A ƙarshen shekarun 1890, rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta kutso ƙasar Kano zamanin Sarki Alu, har aka gwabza a Gezawa da kuma Tattarawa, nan ƙasar Dawakin Tofa. Ba a jima ba Faransawa suka ci Damagaram a 1899, suka mai da ita hedikwatar mulkinsu. A 1926 suka kwashe hedikwatar zuwa Yamai. Cikin dalilan akwai ƙarancin ruwa, domin dutsen da ke ƙarƙashin garin ba ya riƙe ruwa da yawa, akwai kuma kusancin garin da Kano ta Ingilishi. Dutsen da ya tsare birnin daga mahara shi ne kuma ya hana shi ruwa. Wani abin mamaki, ruwan ne ya yi masa ɓarna a damunar 2024, lokacin da mamakon sama ya rushe tsohon masallacin Birni na ƙasa, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19.

Damargu da kufan Maranda

Daga Damagaram zuwa Agadas kimanin kilomita 450 ne. Rabin farko ƙasar Damargu ce, mai hedikwata a Tanut, rumbu na ƙarshe kafin noman damuna ya ƙare. Bayan ta sai makiyaya, sai rijiyoyi masu zurfi, sai wani dogon gaɓar dutse da ake kira Tigidit wanda ya yi wa kudancin Agadas baka.

A gindin wannan gaɓa akwai wani wuri da ake kira Marandat. Yau ba kowa a wurin sai 'yan bukkoki, amma masana da yawa na ganin shi ne Maranda da marubucin Larabci Yaƙubi ya ambata tun ƙarni na 9. An tono dubban 'yan kasake na narka jan ƙarfe a wurin. Yamma da Agadas kuma akwai kufan Azelik, wadda ake ɗauka ita ce Takadda da Ibn Baɗɗuɗa ya sauka a 1353, ya kuma ba da labarin cewa ana kai jan ƙarfenta Gobir da Barno.

Sunan Gobir a nan ba baƙo ba ne. Gobirawa da kansu suna cewa a Abzin suka zauna kafin Abzinawa su yi musu yawa su gangaro kudu, su zauna Birnin Lalle, daga baya su kafa Alƙalawa. Ma'ana, waɗannan duwatsu da muke yi wa kallon ƙasar wasu, wani ɓangare na Hausawa daga cikinsu ya fito.

Agadas

Tun daga nesa hasumiya ke fara yi wa baƙo maraba. Tsawonta mita 27, da ƙasa aka gina ta, itatuwa sun fito ta kowane gefe don masu yaɓe su taka. An gina masallacin wajen 1515, aka sake gina hasumiyar a 1844. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Sarautar Abzin ta kafu ne a farkon ƙarni na 15, kuma wajen tsakiyar ƙarnin ta zauna a Agadas. Ƙabilun Abzinawa sun gaji da faɗa a tsakaninsu, suna neman mai raba gardama wanda ba na kowa ba, mai kuma iya tsare hanya. Don haka aikin Sarkin Abzin na farko shi ne ayari ya wuce lafiya. A fadarsa akwai Sarkin Turawa, mai kula da fataken Larabawa. Ta ƙasar nan Shehu Magili ya ratso kafin ya iso Kano zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499). Askiya Muhammadu na Songai ya kawo yaƙi Agadas wajen 1515, kuma rigimar rabon ganimar wannan yaƙi ce aka ce ta sa Kanta ya ɓalle ya kafa Kabi.

Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Agadas a watan Oktoba na 1850. Ya tarar da garin ya ja baya, gidaje da yawa sun zama kufai, ya ƙiyasta mutanen ba su wuce 7,000 ba. A lokacin wani karin harshen Songai ake yi a cikin gari, Hausa kuwa harshen ciniki ce. Yau Hausa ce harshen titi da kasuwa da cikin gida a Agadas. Bakano zai sauka a tasha ya yi cinikin masauki da abinci ba tare da tafinta ba.

A kan duwatsu

In muka buɗe taswirar waya muka juya ta zuwa hoton tauraron ɗan'adam, arewa da Agadas za mu ga wasu baƙaƙen da'irori jere cikin jan ƙasa, kamar an kifa tukwane. Su ne manyan duwatsun Abzin: Tarawaji, Bagazam, Tamgak da sauransu. Masana duwatsu sun nuna cewa jerin bai tsaya nan ba. Irin waɗannan duwatsu masu siffar zobe sun biyo kudu ta Damagaram, suka ɓullo a Dutse da Riruwai, suka ƙare a yankin Jos. Na Abzin ne mafi tsufa, sun haura shekara miliyan 400, na Jos kuma su ne ƙannai. Shi ya sa ake samun kuza a Elmeki ta Abzin kamar yadda ake samu a Riruwai ta kudancin Kano. Tun kafin a yi mutum, ƙasa ta riga ta ja layin.

Bagazam ne mafi tsawo. Ƙololuwarsa, Idukal-n-Tagas, mita 2,022 ce, babu wadda ta fi ta a Nijar. Dala tamu mita 534 ce daga doron teku. A kan Bagazam akwai fili mai faɗi da ƙauyuka da idanun ruwa da lambuna, kuma da ƙafa da jaki aka saba hawa. Da sanyi ruwa kan daskare a can. Tsofaffin mahaya na ƙasar Hausa sun san sunan dutsen ta wata hanya dabam, domin dokin Bagazam ya yi suna wajen juriya, sarakuna na alfahari da shi.

Ruwan saman Agadas bai kai milimita 200 a shekara ba, na Kano kuwa wajen 800 ne. To da me mutanen dutse ke rayuwa? Da ƙoramu. In an yi ruwa a kan duwatsu sai ya gangaro da ƙarfi cikin kwazazzabai, ya nutse a yashi, ya kwanta kusa. Sai a haƙa rijiya a bakin ƙorama, raƙumi ko sa ya ja guga, ruwa ya bi lambatu. A Timiya, garin Kel Ewe da ke tsakiyar duwatsun, ana samun dabino da lemo da rumman da alkama. A wajen Tabelot kuwa albasa ce da tafarnuwa da dankalin Turawa. Kusa da Timiya akwai wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse ya taru a ƙasa, kuma shi ne abin da ya fi kama da tafki a wannan tsakani. Arewa da nan kufan Asode yake, tsohon birnin da yanzu ba kowa sai ganuwar gidaje da ta babban masallaci.

Lambu dai ba ya ciyar da al'umma. Abincin Kel Ewe na kullum gero ne, da shi suke yin furarsu mai dabino da cuku, kuma geron nan ba ya yi a Abzin yadda zai isa. Dole a sauko nemansa.

Ayarin gishiri

A nan igiyar ta ƙullu. Wajen watan Oktoba, bayan raƙuma sun ƙoshi da ciyawar damuna, ayari kan tashi daga gabashin Abzin ya faɗa saharar Tenere, tafiyar sama da kilomita 500 zuwa Fashi da Balma. Babu ciyawa a hanya, saboda haka kowane raƙumi da damin abincinsa, har a binne wani a hanya don dawowa. Wanda ke gaba, mai sanin taurari da rijiyoyi, madugu suke ce masa, da kalmarmu ta Hausa. A Balma su ba da gero su karɓi dabino da gishiri: beza na miya, kantu na dabbobi. A farkon ƙarni na 20 Faransawa sun ga ayari ɗaya mai raƙuma wajen 20,000.

In sun dawo Abzin sun ɗan huta, sai su fuskanci kudu, Damargu da Tasawa da Katsina da Kano. Da irin wannan ayari Barth ya gangaro a ƙarshen 1850, ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851, ya hau Dala ya zana birnin. A ƙasar Hausa Abzinawa kan yi watanni. Suna sayar da gishiri kasuwa-kasuwa, raƙumansu na kwana a gonakin da aka girbe, suna cin kara suna barin taki. Manomi na murna da baƙon da ya zauna a gonarsa, har yakan ba shi dami. Kafin damuna su ɗaure gero su hau. Wani masani Bajamushe, Gerd Spittler, wanda ya zauna da mutanen Timiya, ya nuna cewa namiji Ba'abzine na iya yin fiye da rabin shekara a kan wannan zagaye mai kusurwa uku.

Ba gero kaɗai ke hawa ba. Rawanin da Ba'abzine ke rufe fuska da shi, mai sheƙi har ya rina fata, turkuɗin Kura ne, saƙar ƙasar Kano da rininta da bugunta. Takalma da jakunkuna da kirgi su ma daga nan suke tafiya. Kuma tilas mu faɗi ɗaya gefen: wannan hanya ta ɗauki bayi. Barth ya ƙiyasta waɗanda ake fitarwa daga Kano a shekara sun kai wajen 5,000, wasunsu ta nan aka bi da su zuwa Gat da Fezzan, wasu ba su kai ba.

Wasu baƙin kuma da suka sauko ba su koma ba. Agalawa da Tokarawa mutane ne da suka fito daga ƙasar Abzinawa suka zauna ƙauyukan Katsina da Kano, har da wajen Bichi. Suka zama Hausawa, suka kama fataucin goro zuwa Gwanja. Daga cikin Agalawa Alhassan Ɗantata ya fito, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955, ya zama uban cinikin gyaɗa. In muka bi salsalar manyan gidajen kasuwancin Kano, wasu za su kai mu gindin duwatsun nan.

Tafkin da ya ƙafe

Gabas da duwatsun, a bakin Tenere, akwai wani wuri da ake kira Gobero. A shekarar 2000 wata tawaga ƙarƙashin Paul Sereno ta Jami'ar Chicago, tana neman ƙasusuwan dabbobin zamanin da, sai ta ci karo da maƙabarta mai kaburbura wajen 200. Mutanen a bakin tafki suka zauna. An samu ƙasusuwan giwan ruwa da kada da dorina, da masun kamun kifi na ƙashi. Na farkonsu sun rayu sama da shekara 9,000 da suka wuce. Fari ya kore su, ruwa ya dawo, wasu mutanen suka zo da shanu, sannan wajen shekara 4,500 da suka wuce tafkin ya ƙafe gaba ɗaya. A wani kabari an samu mace da yara biyu rungume da juna. Yamma da duwatsun kuma, a Dabus, wani ya sassaƙa raƙumin dawa a jikin dutse, tsawonsa ya haura mita 5, a ƙasar da yau ko akuya sai ta wahala.

Gobero wa'azi ce ga mai zaune a ƙasar noma. Tafkin Chadi ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin farkon shekarun 1960 da tsakiyar 1980. A nan gida muna cike kududdufai muna gini a kai, yashi na cike madatsun Audu Bako. Mutanen Gobero su ma sun ga ruwa a ƙofar gida kullum, har ranar da ba su gan shi ba.

Yadda aka yi ta datse igiyar

Datsewa ta farko da alƙalami aka yi ta. Ingila da Faransa sun ja iyaka a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, suka bar gonar a hannun wani, dutsen a hannun wani. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan Turai suka koma shigowa ta teku, fataucin Tarabulus ya mutu.

Ta biyu da bindiga. A watan Disamba na 1916 Kawusan, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, ya kewaye barikin Faransawa a Agadas. Sai a watan Maris na 1917 aka karya shi, da taimakon Ingilishi daga Nijeriya. Ramuwar ta yi muni: an kashe malamai a Agadas, an ƙwace raƙuma, ƙauyukan dutse suka watse, mutane da yawa suka gudo ƙasar Kano da Katsina.

Ta uku fari ne, na 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985, wanda ya ƙare garkunan raƙuma. Daga lokacin ne Buzu mai gadi da Buzu mai shayi suka zama sanannu a titunan Kano. A 1984 gwamnatin soja ta Nijeriya ta rufe iyaka ana tsakiyar yunwa, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan shugaban Nijeriya na lokacin, suna ce mata El-Buhari. Tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009 sun kori masu yawon buɗe ido daga Abzin. An sake rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka kuma rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren.

Duk da haka igiyar ba ta tsinke ba, tirela ce kawai ta gaji raƙumi. Kasuwar Dawanau, wadda aka kafa a 1985, aikin Fagge ta ɗauka. Gero da dawa da masara na fita arewa, wake da riɗi da dabbobi na shigowa. Duk ranar da aka rufe iyaka, ɗan dako a Dawanau kan ji a aljihunsa, uwar gida a Agadas ta ji a tukunyarta.

Hanyar dawowa

Mai son ya zagayo ta ɗaya hannun sai ya bi yamma. Zai wuce tafkin Tabalak, mai kifi da lambuna a tsakiyar busasshiyar ƙasa, ya ratsa Tawa, ya gangaro Maraɗi. Kusa da ita Tsibiri take, inda Gobirawa suka sake kafa sarauta a 1836, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke. Tafiyar da suka faro daga Abzin a nan wani reshenta ya tsaya. Ita kanta Maraɗi mazaunin sarakunan Katsina ne da jihadi ya kora, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Kudu da ita tafkin Madarunfa yake, wanda ake cewa waliyyai 99 ne ke kwance kewaye da shi, ana kuma kai musu ziyara. Gulbin Maraɗi kuwa daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar, ya sake komowa Nijeriya ya faɗa Rima, ba mai tambayarsa takarda. Daga Jibiya sai Katsina da hasumiyar Gobarau, sai Bichi, sai gida. Wannan ɓangare ne yau ya fi ban tsoro saboda 'yan bindiga, abin da madugan da suka sani da sunan mahara, suka kuma yi maganinsa da haɗa kai da biyan masu tsaron hanya.

Ba kowa ne zai iya zuwa Bagazam a wannan yanayi ba, kuma ba ma ba kowa shawarar ya kama hanya sai ya tabbatar da lafiyarta. Amma Dala na nan, Kazaure da Kusugu tafiyar yini ce, yara za su iya gani da idonsu. Za mu iya tambayar tsofaffin ƙauyukanmu wace gona ce raƙuma ke sauka, mu rubuta kafin su tafi da amsar. Za mu iya sanin cewa Buzun da ke dafa shayi a ƙofar shagonmu, mai yiwuwa kakansa ne ya kawo gishirin da kakarmu ta yi miya da shi. Kuma duk ranar da masu mulki a Abuja ko Yamai suka sake tunanin rufe iyaka don su hukunta juna, ya kamata a samu masu tuna musu cewa mutanen dutse ba su da gero sai namu, mu ma kasuwarmu ba ta cika sai da su. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya buɗe hanya.